Kantar Yatsan Irshad

Zuwa ga Chaudhry Niyaz,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali lafiya, na rubuto ne in yaba maka. Bikin 'yarka Rukhsana da ɗan ƙanwata Irshad ya kai biki. An ci shinkafar biryani har karnukan Faisalabad sun yi tumbi. Amma gwarzon taro wanzaminka ne. Daren shafa kurkum, jajibirin biki, ya jiƙa hannun ango da mai, ya sa dutse ya goge shi tas, ya koma hannun jariri.

Chaudhry Sahib, kantar nan da wanzami ya goge daga yatsansa ita ce jarinsa. Shekara goma sha biyu yana murza ƙwallon kurket a kanta, da ita yake sa ƙwallo ta faɗi nan ta kauce can. Ranar gwajin ƙungiyar lardi, bai yi nisa ba yatsan ya tsage, jini ya ɓata ƙwallo. Mai zaɓe ya ce, "Kai ango, koma wa amaryarka." Aka ɗauki wani yaro. Irshad ya haura talatin, ka san abin da hakan ke nufi.

Allah ya ƙara wa wanzami basira.

Naka, Karamat mai yadi

*

Malam Karamat,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso. Wanzami bai yi kuskure ba, ni na sa shi. Surukina ba zai gaisa da baƙina da hannu kamar kofaton jaki ba. Jifan ƙwallo kuma ba sana'a ba ce ga mai iyali. Na saya masa tebur da kujera mai juyawa, na aika gidansu, ya saba da zama kafin ya fara aiki a injin casar shinkafata. Kai ka ji da yadinka.

Wassalam,
Chaudhry Niyaz

*

Chaudhry Sahib,

Salamu alaikum. Ashe ba ganganci ba ne, shiri ne! Ni ɗan kasuwa ne, na sha ganin algus, amma ban taɓa ganin wanda ya yanka saniyar wani sannan ya aiko masa da ƙwaryar tatsa ba.

To ga labari. Jiya na leƙa gidan. Na tarar da 'yarka ta tsoma yatsan mijinta a ruwan gishiri, ta ɓoye duk man gidan. Na ce, "Ɗiyata, lafiya?" Ta kira ni Mamu, wato kawu, ta ce, "Na auri mai murza ƙwallo, Abba ya kawo min akawu. Nawa nake so a dawo min da shi." Akwai wani gwajin lokacin sanyi, kanta kuma ta fara fitowa.

Teburinka yana da amfani, an jingine shi a bango, shi Irshad yake jifa tun safe. Katako mai kyau ne, bai tsage ba tukuna.

Kujerar ce ba mu san yadda za mu yi da ita ba. A dawo maka da ita, ko a kai wa wanzami ladan aikinsa?

Naka har kullum,
Karamat