Ba Ni Na Lalata Motar Likita Ba

Baba,

Tsakaninka da Allah, ka taɓa kama ni da ƙarya a kan aiki? To don me daga Kawu ya buga maka waya sau ɗaya, sai ka aiko in je in durƙusa in ba shi haƙuri?

Ka gafarce ni, na fara da faɗa ban gaishe ka ba. Ina fata kana lafiya. Ya ƙafar taka? Ya Umma da su Yaya? Ni lafiyata lau, zuciya ce kawai ke tafasa.

Motar wani tsohon likita ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, shekara tara tana kwance ƙarƙashin tamfol. Kawu ya ce in na tashe ta, ya bar mini aikin inji a garejinsa. Wata biyu ina kwancewa ina haɗawa. Littafinta kuwa, da na tsinta a but ɓeraye sun ci bangonsa, na karance shi tas da ƙamus a gefe.

Ta tashi, amma tana tari tana karkarwa, salansa na harbi, har mai faci ya yar da taya ya ruga. Na saita taimin, wato lokacin da wuta ke kama mai, daidai kan tsagin da ke jikin fuli, faifan nan na gaban inji da bel ke zagayewa, yadda littafi ya ce. Banza. Na sake fulogi, na wanke kafireto sau uku. Sai Kawu ya tara mutanen gareji, wai su zo su ji waƙar injin da Farfesa ya haɗa da takarda. Aka yi ta ƙyaƙyata dariya. Ya ce ranar Asabar in ajiye sifana in koma wankin ƙarafa, ko in tattara in dawo gida.

Ba zan durƙusa ba, Baba. Haɗina daidai ne. Akwai abin da ke yi mini ƙarya a jikin injin nan, kuma sai na kama shi.

Ka gaida Umma, ka ce ta daina kuka, ba a kore ni ba tukuna.

Ɗanka,
Auta

Baba,

Bayan gaisuwa da fatan jiki ya yi sauƙi, na kama shi.

Jiya na cire fulogin farko, na toshe ramin da babban yatsa, na juya inji da hannu har iska ta ture yatsan. Na zura sukudireba a ramin ina juya inji a hankali, sai da fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a ciki, ya kai ƙololuwa. Da na leƙa fuli, tsagin ya kauce wa kibiyar da ya kamata ya tsaya daidai da ita da faɗin yatsa biyu. Ashe duk kwanakin nan wuta a makare take zuwa.

Ka san daga ina fulin ya fito? Na asali ya tsage, Kawu ya ciro wannan daga mushen wata mota a bayan gareji. Na ce masa ba ƙirarsu ɗaya ba, ya ce duk fuli fuli ne, in rage surutu. Laifina ɗaya, na ɗaura ban gwada ba, kuma na amsa shi.

Na yi sabuwar alama da alli a jikin fuli, na sassauta distirbuta mai raba wa fulogi wuta, na juya ta har wuta ta zo kan alamar. Murɗa makulli ɗaya, Baba! Na ɗora kofin ruwa a kan inji, ko ɗigo bai zube ba.

Yau Likita ya zo, ya zauna a kujerar direba yana share ido, wai rabonsa da wannan sautin tun matarsa na da rai. Ina tsaye da baƙin mai har gwiwar hannu, Kawu ya dafa mota ya ce shi ya gyara ɓarnar yara da kunnensa. Waɗanda suka ga allina suka sunkuyar da kai. Na haɗiye maganata saboda ƙaninka ne, amma har yanzu bai janye zancen Asabar ba.

Ka gaida Umma da su Yaya. Allah ya ƙara maka lafiya.

Ka zo ranar Asabar, ko da sanda ne. Ba na son a kira ni ɗaki a ce ya wuce. A tsakar gareji ya yi mini dariya, a nan zai tsaya, gaban Likita da kowa, ya faɗa da bakinsa: wa ya kawo fulin nan, kuma wa ya tashi motar?

Ɗanka,
Auta