Motar Nomanmu Tana Bayan Kanwa a Nguru

Zuwa ga Baturen Gona mai kula da ƙasarmu.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, tare da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Bayan haka, ranka ya daɗe, na rubuto ne a fili don kowa ya karanta, domin na gaji da zaman benci a ƙofar ofishinku masinja yana ce mini ka tafi rangadi.

Ni ne Idi mai lori, na Gashuwa. Kakana daga Haɗeja ya zo da jaki ɗaya. Ban gaji gona ba, ban gaji kanti ba. Na yi makarantar Midil ban ƙarasa ba, na yi yaron mota, na yi direba, yau lorin da ke kai kifi da gero tashar jirgin ƙasa ta Nguru nawa ne, ba wanda ya taya ni ko da ƙusa. Na faɗi wannan ne don ka san wanda ke magana ya san ƙarfe, ya kuma san abin da ke kashe shi.

Na ɗaya. Da kuka kawo motar noma ta jirgin ƙasa, ba manomin da ya yarda da ita. Ku kuka zo ƙofata, kuka ce mutanen fadama suna jin maganata. Ni na ɗauki malaminku na gona a gaban lorina muka shiga ƙauyukan wajen Katuzu, na zauna a kan tabarma da dattawa ina rantsuwa cewa wannan abu zai fasa baƙar ƙasar nan mai tauri wadda fartanya ba ta iya shiga sai ta sha ruwa. Bara motar ta yi aiki, shinkafa ta yi kyau, ba na musu. Ganin haka bana mutane suka share ƙarin fili a fadama, da yawansu suka saki gonakin tudu, ba su kama 'yan ƙodago ba. A kan maganata suka yi haka, domin ku ba su san ku ba.

Na biyu. Da aka gama aikin bara na ce a bar motar a Gashuwa. Ina da rumfar kwano inda lorina ke kwana, daɓen siminti ne, ba ta yoyo, kuma ban nemi a ba ni komai ba. Malaminku ya dube ni ya ce, "Malam Idi, kayan gwamnati ba ya kwana a gidan mutum." Aka kora ta har Nguru, aka sa ta a rumfarku ta bayan tasha, wai don ta zauna kusa da inda makaniki ke sauka.

Na uku, kuma shi ne abin da ya hana ni cin abinci da daɗi. Makon jiya na kai kaya tasha, na ce bari in leƙa in ga ko an fara shirya motar, tunda hadari ya soma haɗuwa a gabas. Tun daga nesa na hangi garemanin motar da haronta mai farfasa ƙasa a waje, a ƙasa, ba tamfol, ba ko buhu a kansu. Faya-fayan sun yi jawur da tsatsa. Ciyawar bara ta fito ta tsakaninsu ta bushe a nan, abin da ya nuna mini a waje suka yi damina. Wata mai abinci ta kafa tukunyarta a kan biyu daga ciki.

Na nemi akawun sito, Malam Tanko, mai riƙe da makulli. Da ƙyar ya buɗe. Ranka ya daɗe, ban ga mota ba. Kanwa na gani, tun daga bakin ƙofa har kusa da rufi, buhu kan buhu, da gishirin Manga a jibge a gefe. Sai da na cire babbar rigata na hau kan buhunan da rarrafe, ni da furfurata, sannan na hango motar can ƙurya an yi mata katanga ta ko'ina.

Abin da ya faru na ji shi daga bakin 'yan dako, kuma kowa a tasha ya sani. Da ruwan bara ya sauka, fatake masu kanwa suka rasa inda za su sa kayansu, don kanwa ba ta shiri da ruwa. Sai aka fitar da garemani waje aka shigar da kanwa. Da kaka ta yi, taragu duk suka koma ɗaukar gyaɗa, kanwa ba ta sami hanya ba. Da sanyi raƙuma suka kawo sabuwa, aka ɗora a kan tsohuwa. Ban san abin da ya shiga tsakanin fatake da Malam Tanko ba, ban gani ba, ba zan faɗa ba. Amma kanwar mutane ta kwana shekara a ɗakin gwamnati, bayan an ce mini motar gwamnati ba ta kwana a ɗakin mutum.

Na sauka bayan buhunan na duba motar da kyau. Rufin yana yoyo, kanwa ta jiƙe ta narke ta malala ƙarƙashin motar, ta bushe, ta sake narkewa. Ƙafafun ƙarfen sun yi fari kamar an shafa musu farar ƙasa, na sa farce sai ɓawon ƙarfe ya biyo ni. Tayar baya ɗaya ta sace ta tsage. Batir yana nan a jikinta ba a cire ba, ya kumbura ya yi kore. Wajen haɗa garma ya daskare, na buga da dutse bai motsa ba. Ba a shafa mata giris ba, ba a ɗaga ta a kan katako ba, ba a toshe bututun hayaƙi ba, har zanzaro ya yi gini a ciki. Ta wata ɓarakar kwano awaki ke shigowa, na tarar da biyu suna lasar jikin motar saboda kanwa, kashinsu har kan kujerar direba. Wallahi yaron motata da ya yi wa jak ɗina haka, ranar zai bar gidana.

Na ce wa Malam Tanko, "Malam, wannan fa?"

Ya ce, "To, ai ga ta nan, ba wanda ya sace ta. Ni abin da aka ce mini kada ta ɓace."

Na ce, "Yaya za ta fito?"

Ya ce, "In jirgi ya kwashe kanwa. Kai ma mai mota ne, ka san kaya ba ya tashi sai da layi." Ya ƙara da cewa in ina sauri haka, in sa motar a aljihu in tafi da ita. 'Yan dako suka yi dariya. Na mai da rigata na fita.

Na huɗu. Ka san ƙasarmu. In ruwa ya zauna sosai hanyar Nguru zuwa Gashuwa za ta lalace, motar ba za ta iso ba. In kogi ya cika ya shiga fadama kafin a yi huɗa a shuka, shinkafar bana ta tafi, kuma waɗanda suka saki gonakin tudu ba su da geron da za su koma wa. Ran kasuwa Bulaman ɗaya daga ƙauyukan nan ya zo shagona, dattijo ne, ya girmi ubana. Bai zauna ba. Ya ce, "Idi, mu ba mu san Bature ba, kai muka sani. Mu jira, ko mu koma tudu?" Ni da ake aiko wa da dukiya daga Kano ba takarda ba shaida, don an san bakina, na tsaya ina kallon ƙasa a gaban yarana.

Saboda haka ga abin da nake roƙo.

A ba da umarni a buɗe rumfar nan. Ba na jiran jirgi. Zan kawo lorina da 'yan dakona mu kwashe kanwar zuwa inda masu ita suka ga dama, ɗawainiyar a wuyana. A turo makaniki ya duba motar a gabana, ya faɗi gaskiya ko za ta tashi bana ko ba za ta tashi ba, don in san abin da zan faɗa wa mutane. In ta tashi ta gama aiki, a bar ta a Gashuwa kusa da gonakin, ko a rumfata ko a wadda za ku gina, a kuma damƙa ta ga wanda ya san ajiyar inji ba ta ƙare a kulle ƙofa ba. Batun Malam Tanko kuwa naku ne, ban nemi a raba kowa da abincinsa ba, amma makullin nan ya fi ƙarfinsa.

Na ce wa Bulama ya ba ni zuwa Juma'a mai zuwa. In ta wuce ban ji daga gare ka ba, zan tafi ƙauyukan da kaina in ce su saki fadama su kama tudu tun da sauran lokaci, irin gero kuma daga rumbuna zai fito, don ni na sa su. Amma daga ranar, in kun kawo sabon iri, ko takin zamani, ko wata motar, kada malaminku ya tsaya a ƙofata. Ku nemi wani ya yi muku rantsuwa a gaban dattawa.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon duba wannan magana da idonka ba da idon masinja ba, ya ba mu damina mai albarka, ya rufa wa talakawa asiri.

Wassalam.

Ni ne,
Idi mai lori, Gashuwa.