Allon da Babu a Saman Ƙofarki

Maryborough, 9 ga Disamba

Zuwa ga Gwaggo Glenys,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Alastair da yara. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwar da sanyin Aberdeen ke tayarwa. Mu nan lafiya lau. Baba yana can gonar rake, yayata Tegan ta kusa haihuwa, mangwaron bayan gida kuwa ya yi 'ya'ya har jemagu sun tare a kansa. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san hannuna ya fi sabawa da zarto.

Zancen gidan Kaka Merle ne ya zaunar da ni. Kin san tun da ta faɗi bara take gidan kula da tsofaffi, kullum tana ƙorafin na'urar sanyi ta shige mata ƙashi. Likita ya ce zafin Janairu, tsakiyar bazararmu ta nan, zai iya kashe ta a tsohon gidan, shi ya sa Baffa Neville ya ce sayarwa za a yi, tanda ce ba gida ba. Kaka ta ce gidan da aka haife ta bai taɓa zama tanda ba, hanci aka toshe masa. Ta ce mahaifiyarta takan rataya jan zaren ulu a zauren tsakiya, ya wuni yana rawa. Nan suka ƙulla: in zare ya motsa da kansa da tsakar rana a farkon Disamba, ba fanka, ta dawo gida. In bai motsa ba, a sayar.

Wata goma sha ɗaya na yi ina aikin gidan. Na canza ginshiƙai goma sha tara da gara ta cinye a ƙarƙashin gidan. Na kankare fenti hawa bakwai kafin in kai ga na asali, kore ne kamar ɗanyar gwaba, shi na mayar. Gadon ƙarfen nan na ɗakinki na tono shi a cikin tarkace, na goge, na ɗaura masa gidan sauro, kujerun kaba sun koma baranda. Komai ya yi kyau, amma zaren da na rataya a zauren ko gezau. Na cire gilasan da aka rufe barandar baya da su, shiru. Duk Lahadi Baffa sai ya zo ya tsaya ƙarƙashinsa, ya ce wai injiniya, ko ya aro mini fanka in ɓoye a bayan labule?

Wata rana ina kankarar saman ƙofar falo sai na lura da ƙusoshi. Duk na gidan tsofaffi ne baƙaƙe, amma na falankin da ke saman ƙofofi farare ne 'yan zamani. Na sa guduma na ɓamɓare. Gwaggo, sai da na zauna a kan tsani. Allon sassaƙa ne a ɓoye, mai ganye da tulun furanni, duk huda-huda, iska na iya wucewa. Ashe marigayi Kaka Clarrie, mahaifinki, ne ya rufe su shekarar da ya sayo na'urar sanyi, don kada sanyinsa ya gudu. Na'urar ta mutu tun kafin a haife ni, falanki ya zauna. Da na hau silin kuma na tarar da kafofin iska cushe da tsofaffin jaridu, buhu biyu na kwaso.

Ranar Asabar ni da Baffa muka ɗauko Kaka da kujerarta muka hau matakala goma sha huɗu. Sai da Baffa ya leƙa har ƙarƙashin gado yana neman fanka. Sha biyu ta buga, kwanon rufi na ƙara don zafi, zare a tsaye kamar an zana shi. Gumi ya jiƙa mini riga, na kasa kallon kowa. Baffa ya fara tsiyarsa, Kaka ta ce mu rufe mata baki, iskar kogi ba ta zuwa don an yi mata tsawa. Can sai labulen ƙofar gaba ya kumbura, zaren ya ɗaga wutsiya, ya karkata wajen ƙofar baya ya ƙi saukowa. Baffa ya ce maguɗi ne, tsohuwa ce ke hurawa. Ta ce da wane haƙorin, ja'iri? Ya cire hula ya daɗe yana fifita da ita, duk da ga iska, sannan ya ce in je in kwaso kayanta. Yau kwananta uku a gida, tana cin tuwon dankalinta tas.

To ga abin da ya rage. Ƙofofi biyar ne, allo huɗu na samu. Saman ƙofar ɗakinki rami ne kawai. Na ce zan sassaƙa sabo, ina da katako mai kyau, Kaka ta ce kul. Sai na tuna hoton da kika aiko Kirsimetin bara: a bayanki, saman murhu, ga ganye ga tulun furanni. Ban faɗa wa kowa ba, amma Kaka ta dube ni ta yi dariya, ta ce shekara arba'in ke nan ta sani, da idonta ta ga kin naɗe allon a bargon aurenki ranar da za a rufe sauran. Ta ce ba ta taɓa jin haushi ba, ke kaɗai kika yi hankali a gidan. Amma ta ce kada ki kuskura ki sa shi a gidan waya, hannun da ya cire shi ne zai mayar.

Gwaggo, shekararta casa'in da ɗaya. Gadonki a shimfiɗe yake, tsani na jingine a bakin ƙofar, na kuma ware tsofaffin ƙusoshi huɗu na ajiye a kofi.

Ki gaishe da Alastair, da Isla da Ewan. Baba da Tegan suna gaishe ki. Baffa ya ce ki taho masa da hular ulu, wai gidan ya fara yi masa sanyi.

Ɗanki mai jiran ki,
Darcy