Sunan 'Yata Ba Shi Da Ma'ana A Littafin Baba

Gwaggo, don Allah ki taimake ni kafin ranar Litinin. Ranar zan mayar da takardar shigar 'yata makaranta, kuma har yanzu ban cike gurbin suna ba.

Babanmu mai gyaran agogo ne. Shagonsa bai fi taku uku ba, amma littattafai sun cinye rabin kanta. Tun muna yara, in babu aiki, sai ya maƙala gilashin gyara a ido ya duƙufa kan jerin zuriyar Isra'ilawan dā, wuraren nan da kowa ke tsallakewa in ana karatu a coci: wane ya haifi wane, wane ya haifi wane. Da kansa ya koyi haruffan Ibrananci daga wani tsohon ƙamus mara bango. Yana da wani baƙin littafi da yake rubuta ma'anar kowane suna a ciki, kuma daga nan yake raɗa wa jikokinsa suna. Ba mu taɓa yi masa musu ba.

Mu biyu ya haifa, ni ce babba. Ni ke kai masa abinci shago, ni ke raka shi asibitin ido. Ƙanwata kuwa, 'yar lele, sai ta kira a waya ta yi masa dariya biyu, shi ke nan Baba ya wuni da fara'a. Duk na shanye wannan.

Watan jiya ina goge masa kanta littafin ya faɗo. Ba zan yi miki ƙarya ba, da gangan na nemi sunayen yaranmu. Na ɗan ƙanwata layi ɗaya ne tsaf: Allah ya ji roƙona. Na 'yarta: farin cikin uba. Sai na zo kan na 'yata. Gwaggo, shafi huɗu na ƙazanta! Rubutu a kan rubutu, da shuɗin biro, da baƙi, da fensir, duk ya soke. Gefen takardar ya yi baƙi ƙirin da man agogo, wani wurin ma ta yage ya liƙe. A can ƙasa ya rubuta cewa ba a san ma'anarsa ba. Wai sunan wata mata ne da ta fito sau ɗaya tak a tsakiyar maza, ba a ma ce ta yi wani abu ba.

Wato yaran 'yar lele sun samu addu'a, tawa ta samu ragowa. Shekara shida ina kiran yarinya da sunan da mai raɗa shi ma bai san inda ya dosa ba! Tun ranar ban taka shagon ba, mijina ke kai abincin. Ina kan keken ɗinki abin zai faɗo min a rai, allura uku na karya a mako ɗaya. Ƙanwata ta turo hoton yaranta, ko buɗewa ban yi ba na goge. Kishi ne, na sani, kuma ina jin kunyar kaina.

Baba ya aiko sau biyu yana tambaya ko lafiya. Likita ya ce idonsa na dama ya tafi, na hagun ma saura kaɗan. Ina so in canza mata suna a takardar. Na san zai ji, na san zai yi masa ciwo, kuma Allah ya gani wani ɓangare na zuciyata hakan yake so. Yaya zan yi?

Babbar 'ya, tela

'Yata, sannu. Kishin nan ba daga littafi ya fara ba, daga kwanon abincin da kike ɗauka kullum ba tare da an yaba miki ba ya fara. Kina da gaskiya a nan. Iyaye kan saba da hidimar ɗan da ke kusa har su manta da godiya. Kuma ya kamata tun ranar suna babanki ya zaunar da ke ya gaya miki dalilinsa. Wannan kuskurensa ne.

Amma ki sake karanta wasiƙarki, domin ke da kanki kika kawo masa shaida. Ni ban san Ibrananci ba, amma na san takarda. Shafin da aka rubuta sau ɗaya aka wuce shi ne ke zama fes. Wanda ya sha biro kala-kala da man agogo har ya yage, mai shi ya yi shekaru yana komawa kansa. Ke tela ce: wace riga ce take fara koɗewa, wadda aka ajiye a akwati ko wadda ake so?

Ba zan rantse miki da abin da ke zuciyarsa ba. Sai dai mutumin da ya ga mace ɗaya a cikin jerin maza ya ƙi tsallake ta, bai yi min kama da mai raba ragowa ba. Kuma da ya so, da ya ƙirƙiro miki wata ma'ana mai daɗi ya rubuta, wa zai kama shi? Ya zaɓi ya rubuta gaskiya.

'Yar taki ce, ikon suna yana hannunki da na mijinki. Amma shekara shida tana amsa shi, kada ki cire mata don ki rama wa wani. Ƙanwarki ma ki kira ta, ba ita ta rubuta littafin ba.

Gobe ki karɓi kwanon daga hannun mijinki, ki riƙe hannun 'yarki, ki tafi da takardar makarantar. Ki buɗe masa shafukan nan huɗu, ki tambaye shi me ya sa. Ki gaya masa duk abin da kika gaya min, har da allurar da kika karya. In kin ji amsarsa, sai ki cike gurbin yadda kika ga dama.

Makaranta za ta iya yi miki uzuri zuwa wata Litinin. Idon hagun nan ba zai jira ki ba. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya raya 'yar, ya ba Baba lafiya.

Gwaggo