Shingen Bakin Gada

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata ta daina hawa kujera tana share yanar gizo-gizo, ai amfanin jikoki ke nan. Ni lafiya lau nake, sai kewarku.

An ɗauke mu daga barikin da kika sani an kawo mu wata gada, ba a yarda in faɗi sunanta ba. Aikin ba shi da wuya. Mun jera ganguna uku cike da yashi a kan titi. Mota ta zo ta tsaya a ganga ta farko, direba ya kashe inji ya fito, mu duba, mu ce ya wuce. Mu goma sha biyu ne da saje ɗaya. Masaukinmu wani tsohon shagon faci ne a gefen gadar, rabin kwanon rufinsa babu, har yanzu warin taya yake yi. Kogin ya ja baya, sai taɓo da sauro.

Abokin tsayuwata gajere ne kamar turmi, shi ya sa kowa ke ce masa Dogo. Bakanike ne kafin ya shiga soja, don haka duk motar da ta tsaya sai ya gaya wa mai ita ciwon da ke damunta, ko ba a tambaye shi ba. Jiya ya kwashe rabin awa a ƙarƙashin motar wani tsoho yana ɗaure masa salansa da waya, saje na ta zagi. Wai in an gama yaƙi zai buɗe gareji, ni kuma in riƙa miƙo masa sifana, tunda ba abin da na iya sai ci.

Bargon da kika aiko ya iso, na gode, Allah ya saka. Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da yara. Da fatan kowa lafiya. Ki yi haƙuri da shiruna, alƙalamin ne ya yi min nauyi.

Dogo ya rasu, yau kwana goma sha ɗaya. Wata ƙaramar mota ce ta zo da safe, ta tsaya a ganga ta farko kamar kowace. Ni ya kamata in je, amma igiyar takalmina ta kwance, na sunkuya, shi ya wuce ni yana tsokanata. Ban ji ƙarar fashewar motar ba ma. Na dai tsinci kaina a kwance, bakina cike da yashi, kunnena na dama yana zubar da jini. Har yanzu ba ya ji sosai.

Mu muka tattara shi. Abin da muka samu bai cika buhu ba. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Yana da mata da yara biyu. Ni aka ba jakarsa in haɗa kayansa, ba komai ciki sai kaya kala biyu, da reza, da wani littafi da ya zana garejinsa a ciki har da inda zai sa benci.

Yanzu an ba ni babbar bindiga a bayan buhunan yashi. Sabon umarni shi ne duk motar da ta wuce ganga ta farko ba ta tsaya ba, a buɗe mata wuta, ba tambaya. Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Auta

Yayata,

Ina miƙo gaisuwa gare ki da mutanen gida duka. Wasiƙarki ta same ni, na ji Inna ta samu sauƙi, na gode Allah. Wannan kam ki karanta ke kaɗai, kada ki karanta mata.

Ranar Talata da rana tsaka wata farar akori-kura ta gangaro daga kan tudu. Ba ta rage gudu ba. Direban yana ta danna hon, ya fito da hannu ta taga yana kaɗa wani tsumma. Na ga hannun, Yaya. Wannan ne ban gaya wa kowa ba. Na gan shi, amma motar ta wuce ganga ta farko, saje ya daka tsawa, ni kuma na danna kunamar bindiga. Ban saki ba sai da ta daki ganga ta biyu ta tsaya.

Muka kwanta muna jiran ta tashi da mu. Ba ta tashi ba. Sai muka ji nishin mace daga bayan motar.

Direban kafinta ne, bai wuce sa'ar maigidanki ba, fensir na maƙale a kunnensa. Ya shimfiɗa wa matarsa katifa a bayan motar tsakanin katakai, naƙuda take yi, asibiti zai kai ta. Da aka duba motar, an taka birki ya tafi har ƙasa, babu komai. Da Dogo na nan, tun daga kan tudu zai gane. Mutumin ya cika kafin mu fito da shi. Ita ko ƙwarzane ba ta samu ba.

Malamin jinyarmu ne ya karɓi haihuwar a cikin shagon facin, muka kare ƙofa da tamfol. Mace aka samu. Da yamma hafsanmu ya zo, ya duba, ya rubuta cewa an bi umarni. Har ya dafa kafaɗata ya ce na yi daidai. Abokan aikina kuwa, in na zauna cin abinci sai kowa ya sami abin kallo a kwanonsa.

Faɗa ya rufe hanyar asibiti, don haka kwana huɗu ta yi a wurinmu. An gaya mata mijinta ya rasu, ba a gaya mata wanda ya harba ba. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Takan juya fuska ga bango ta ba 'yar nono. Ni na riƙa ɗebo mata ruwa ina tafasawa, na wanke mata zannuwa, na ba ta bargona. Ba don kirki na yi ba, zaman ne ya gagare ni. Sau uku ina zuwa bakin ƙofar da niyyar in faɗa mata, sai in ajiye bokiti in juya.

A rana ta huɗu motar asibiti ta iso. Matakin motar ya yi mata tsawo, ta waiwayo, duk cikinmu ni ta miƙo wa jaririyar. Ba ta kai nauyin bindigata ba. Ta buɗe ido tana kallona. Da uwar ta zauna sai ta miƙo hannu, ta ce da ni:

"Ɗan'uwana, kai ba irinsu ba ne. Allah ya mayar da kai gida wurin mahaifiyarka lafiya. Shi kuwa wanda ya yi wannan, na bar shi da Allah."

Na ce amin, Yaya. Na miƙa mata 'yarta na ce amin, aka rufe ƙofa.

Gobe da safe ni ne a kan bindigar, ba wanda zai canje ni. Kin san ni tun ina goye a bayanki, shi ya sa na faɗa miki, don a samu mutum ɗaya a duniya da ya sani. Ba sai kin ba ni amsa a kai ba. In Inna ta tambaya, ki ce jikina lafiya yake, ba ki yi ƙarya ba.

Ki gaishe min da yara. Na bar ki lafiya.

Ƙaninki,
Auta