Kabad Ɗinka Ya Tsaya a Zaure

Baban Jalo,

Na tafi suna Ƙofar Kibo, sai bayan la'asar.

Da hantsi Lado kafinta ya kawo kabad ɗin kicin a amalanke. Dogon nan na fomeka, irin na gidan abokinka a Samaru, wanda ka zaɓa ranar da na ce a yi mini ƙanana biyu na katako, ka yi mini dariya, ka ce mace ba ta san zamani ba.

To, ya shigo ƙofar waje, amma ya ƙi shan kwanar zaure zuwa cikin gida. Ƙarti sun yi ta juya shi har gefe guda ya ɓantare. Lado ya ce bari ya mayar ya raba shi biyu, na ce kada ya taɓa, mai shi bai gani ba tukuna.

Yana nan daidai inda kuke shimfiɗa tabarmar hira. Na aika wa abokan hirarka su Malam Shehu su zo su sa albarka, don haka kada ka sa a motsa shi.

Tuwonka na cikin kabad ɗin. Ka ci a can.

Mero