Yatsana da Hantar Ragon Suna

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali, yaya kuma sanyin Jos? Mu nan Chanchaga lafiya lau, ban da babban yatsan ƙafata.

Ranar sunan jikan maƙwabcina na zauna wa kayan ciki kamar ni na sayi ragon. Washegari yatsa ya kumbura jawur, ko mayafi bai yarda ya taɓa shi ba. Na rantse kunama ce. 'Yarka Hauwa, wato 'yata mai karatun jinya, ta duba ta ce, "Baba, hanta ce ta harbe ka, sunan ciwon gawut, ciwon gaɓoɓi ne da yawan cin kayan ciki ke tayarwa." Na ce in gwajin jini ya gaskata ta, zan kira ta Likita a gaban dangi. Ya kuwa gaskata ta! Ga ƙwayoyi, ga shan ruwa kamar raƙumi, har na fara takawa.

Ranar Juma'a dangi za su taru, zan cika alkawari da ƙarfi. Ni da na tsaya a aji huɗu, yau ni ne uban Likita!

A saka mu a addu'a. Gaishe da Yaya Binta.

Ƙaninka,
Bala